Zoɓon Malama Rahila

A 1988, ɗalibai bakwai kacal suka zaɓi kimiyya a sakandaren da Malama Rahila Andarawus ke koyarwa a Kontagora. Sauran sun ce haddar Turanci ce kawai. Abin ya ƙona mata rai.

Ta shiga wurin 'yan aji uku da kwanon zoɓo, ta zuba kanwa, jan ya rine ya yi duhu. Ta matsa lemun tsami, ja ya dawo. Ta ce, "Ga abin da kuke gudu."

Fure, ɗaliba daga Auna, ta ce, "Malama, ai da kanwa innata ke kashe tsamin yakuwa."

"To, ta riga ki cin jarrabawa."

Da shekara ta zagayo, ajin kimiyya ya cika har sai da ya ari benci.