Minti Bakwai na Darakta

A shekarar da aka kawo mana na'urar dangwala yatsa, ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ofishin noman rani a Haɗeja. Dokar ba ta da wuyar haddacewa. Ka dangwala kafin ƙarfe takwas. In ka makara sau uku a wata, a ba ka takardar tuhuma, in takardun suka kai uku a sallame ka. Na'urorin rassanmu na Guri da Malam Madori da Jahun duk daga ɗakina suke karɓar lokaci. Ni kuma ina karɓa daga wani ɗan akwati mai eriya a kan rufi, wanda ke sauraron taurarin ɗan'adam. Wannan agogo ba ruwansa da matakin albashin kowa.

Wanda dokar ta fi matsa wa shi ne dattijon da ke kula da sitonmu na Guri. Saura masa wata goma ya yi ritaya, fayil ɗinsa fes, ko ɗigon jan biro babu. Gidansa yana hayin kogi, da damina sai da fito, kwalekwalen farko kuma yakan sauke shi ya iso ofis takwas saura biyar.

Wata Litinin Darakta ya kira ni. Ya miƙo wuyan hannu har kusa da hancina.

Ya ce, "Agogon nan naka na sama ya lalace. Yana baya da minti bakwai."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, za a duba."

Kuma wallahi na duba, don a lokacin ina da sauran imani da aikina. Na bi wayar eriya tun daga ɗaki har rufi ko ɓera ya ci. Na jingina tsani na hau cikin ranar nan ta Haɗeja, kwano yana gasa mini tafin hannu, na goge kashin tsuntsaye, na ɗaure abin da ya saki. Na kashe akwatin na kunna. Taurari tara yake ji, tarar nan bakinsu ɗaya. Da na sauko ina zufa, direban Darakta ya ja ni gefe. Ashe maigidan ne da kansa ya tura agogonsa gaba shekarar da zai tafi Umra, don kada jirgi ya bar shi, ya dawo ya manta.

Na rubuta rahoto cewa akwati lafiyarsa lau. Sai aka kira taro. Mu goma sha wani abu ne a ɗakin, kowa da waya a aljihu, kowace waya tana nuna abin da akwatina ke nunawa. Darakta ya tambaya ko ƙarfe nawa ne. Bayin Allah nan, ɗaya bayan ɗaya, suka saci kallon wuyan hannunsa suka faɗa. Mataimakinsa ma har ya ƙara da cewa shi dama ya daɗe yana zargin taurarin nan, abin da ke yawo a rana tsawon shekaru dole ya gaji. Aka gyaɗa kai. Aka kafa kwamiti.

Darakta ya dube ni ya ce, "Kai yaro, takardar tabbatar da kai a aiki tana kan teburina. Ka gyara agogon nan ko mu nemo wanda ya iya."

A cikin tsarin akwatin akwai wani gurbi da ake rubuta ɗan ƙari ko ragi, saboda jinkirin da tsawon waya ke jawowa, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Nan na zauna na rubuta minti bakwai cur. Kafin la'asar rassa uku sun bi. Washegari aka yaba mini a gaban jama'a, aka ce irinmu ƙasar nan ke nema. Na san sarai abin da na yi wa mutumin Guri, na yi shiru don tsoro, ba wani dalili.

Bayan sati biyu sai ga shi a ƙofar ɗakina, ƙafar wandonsa da busasshen taɓo, takardar tuhuma a ninke a hannu. Na tashi na ba shi kujera, ina jiran zagi, har na fi son ya zage ni.

Ya ce, "Ɗana, shekara talatin da huɗu ban taɓa karɓar irin wannan ba. Na roƙi mai fito ya riƙa tashi da wuri, ya ce ba zai tura jirgi cikin ciyawar kacala da duhu ba. Zan riƙa kwana a sito har ruwa ya janye."

Na ce, "Baba, ai abin..."

Ya katse ni. "Laifina ne. Agogona ya tsufa kamar ni, ban lura yana ja da baya ba. An ce naka daga sama yake zuwa, ba ya kuskure."

Ya kwance shi daga hannu ya miƙo mini. Na duba, daidai yake da taurari tara, ko minti ɗaya bai ɓata ba. Na ja ɗan makunnin, na tura shi gaba da minti bakwai, na mayar masa. Ya ɗaura, ya sa mini albarka.