Dutsen Niƙa a Ƙasan Dam

Ina ɗaura tukunyar iskar numfashi a baya, a bakin wani dam na ƙasar Daura, sai wata tsohuwa ta tare ni.

"Ɗan nan, kai ne mai nutso har ƙasa? Ruwan nan ya ci ƙauyenmu. Na baro dutsen niƙan mahaifiyata a gindin tsamiya."

Na ce, "Iya, in dai kututturen na nan, zan same shi."

Sau uku ina nutsewa ina lalube cikin laka. Babban dutsen ya fi ƙarfina, amma na fito da ɗan dutsen.

Ta ɗora tafinta a kai, sannan ta ce, "Shi ne. Ga gurbin hannunta."

Ku fa, me kuka baro da kuke so a ɗauko muku?