Tarwaɗa a Tafkin Kamfani

Cikin duk ranakun da na yi a wurin gine-gine a Malesiya, wadda ba na mantawa da ita ita ce ranar da na tuɓe takalmin aiki na faɗa tafki da taru a hannu, a tsakiyar Kuala Lumpur. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku saurara.

Na gama digirina na biyu ke nan, wani kamfani da ke gina dogayen benaye a unguwar Cheras ya ɗauke ni jami'in kula da muhalli. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Idan aka kankare tudu za a yi gini, jar ƙasa ce ke bayyana, ruwan garin nan kuwa da la'asar yake saukowa kamar da bakin ƙwarya. Doka ta hana wannan jan ruwa ya zarce magudanar gari. Sharaɗin takardar izini shi ne a haƙa tafki a gangaren fili, ruwan ya kwanta a ciki, laka ta zauna a ƙasa, sannan a saki na sama. Jami'an hukuma kan zo su ɗiba su auna. In ya wuce ƙa'ida a yi gargaɗi, in aka maimaita a rufe wurin.

To namu tafkin ya ƙi kwanciya. Ko an kwana biyu ba a yi ruwa ba, yana nan jajir kamar kunun kanwa. Na rufe gangara da leda, na jera buhunan yashi a bakin lambatu, na zuba alif har na gaji, a banza. Cikin damina ta ƙarshen shekara wata jami'a ta zo ta auna, ta ba mu gargaɗi, ta ce za ta dawo mako mai zuwa. Manajan wurin, Mista Lim, bai ɓoye mini ba: in aka rufe aiki, ni zan fara kama hanya. Ni kuwa takardar zamana a ƙasar da wannan aikin take rataye. Gaskiya na tsorata ƙwarai.

Ranar Laraba da yamma na je na tsuguna bakin tafkin, ba don ina da wata dabara ba, takaici ne kawai ya kai ni. Ina zaune sai na ga ruwan ya motsa, wani baƙin abu mai gashin baki ya leƙo, ya shaƙi iska, ya koma. Can gefe wani ya sake leƙowa. Jama'a, ni mutumin Yawuri ne, ɗan masunci, jikan masunci. Ko cikin barci na san leƙen tarwaɗa. Na miƙe zumbur don murna. Tarwaɗa ba ta barin laka ta zauna, tonon ƙasa ne aikinta dare da rana.

Na nufi rumfunan leburori, na sami shugaban magina, wani dattijo ɗan Indonesiya da ake kira Pak Darto. Da na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai. Ya ce su suka zuba ƙanana tun farkon aiki, suna watsa musu ragowar shinkafa. Nama ya yi musu tsada, kuma a ƙauyensu ba a barin ruwa ya zauna haka nan ba kifi a ciki. Ya roƙe ni kada in sa a kore su. Na so in yi faɗa, dariya ta ƙwace mini, don mu ma a gida haka za mu yi.

Ban ɓoye wa Mista Lim ba, don ba a wasa da maganar izini. Ya hau sama, ya ce yau sai mutum ya bar masa fili.

Na ce, "Oga, kora ba za ta fitar da kifi daga ruwa ba. Ba ni mutanen nan gobe da safe. In ruwa bai kwanta ba, ka haɗa da ni."

Ya dube ni ya ce, "Injiniya na ɗauka ko masunci?"

Na ce, "Biyu ka samu a farashin ɗaya."

Ya girgiza kai ya ce, "Boleh lah," wato ya yarda.

Washegari muka ja rabin ruwan da famfo zuwa wani ramin gini, don ba a sakin sa waje a haka. Taru kuwa, koriyar ragar nan da ake lulluɓe bene da ita muka yanko, muka ɗaura mata guntayen rodi a ƙasa. Na jera mutane, ruwa iya ƙugu, Pak Darto a wancan bakin, ni a wannan. Ba na jin yarensu sosai, su ma ba sa jin nawa, amma da muka fara ja sai na ga kowa ya san inda zai sa ƙafa. Da tarun ya matso gaɓa, ruwa ya ɗauki tafasa. Manya-manya, wasu kamar damtsen mutum! Ban san lokacin da na fara kirari da Hausa ba, su kuma suna amsawa da nasu. Ƙayar wata ta soke ni a tafin hannu, ban ma ji ba sai daga baya. Mista Lim da ya zo ya tsaya nesa da farar riga, sai ga shi riƙe da bokiti yana nuna mana wadda ke shirin gudu.

Muka yi ta ja har taru ya fito wayam. Aka kawo injin haƙa ya kwashe lakar ƙasa. Kifin da ba a soya ba muka zuba a manyan robobin ruwa kusa da rumfuna, aka ce nan ne gidansu daga yau. Mista Lim ya sa aka ƙulle masa nasa a leda, wai na matarsa ne. Bai sake ta da zancen kora ba.

Aka yi ruwan sama ranar Asabar. Kafin jami'ar ta dawo, tafki ya kwanta har kana hango duwatsun bakinsa. Ta auna, ta sake aunawa, ta tambaye ni wane magani muka sa. Na kai ta wajen robobin. Ta daɗe tana dariya kafin ta sa hannu.

Abin da na ɗauka daga nan, ku ma ku riƙe: zanen da ke ofis yana nuna inda ruwa zai bi, amma bai san akwai mutanen da ke kwana su tashi a filin ba, masu jin yunwa da kewar gida. Tun ranar, duk filin da na je, rumfar leburori nake fara shiga kafin in duba tafki.

Da yammar ranar kamun na tura wa mahaifina hotona, laka har wuya, tarwaɗa a hannu. Shi ne fa wanda ya hana ni shiga jirgin kamun kifi ina yaro, ya ce boko zan yi. Sai ga muryarsa ta dawo: "To, Habibu, duk karatun nan ashe su ka tafi yi Malesiya? Gyara riƙon nan, ba haka na koya maka ba."