Teburin gilashi da hannun Innata

Lokacin da wannan abu ya faru, ni mutum ne da Allah ya fara buɗa wa bayan doguwar wahala. A Tibiri aka haife ni, karatun allo na yi, da ajami na fara rubutu, boko kuwa sai da na girma na tsince shi. Ina sayar wa manoman lambu na Jiratawa iri da taki, har kasuwa ta yi kyau na kama hayar gida mai falo a unguwar Zariya, cikin Maraɗi. Na zuba kujeru, na shimfiɗa darduma, amma tsakiyar falon babu komai. Duk gidan alhajin da na shiga sai in ga ɗan tebur a tsakiya an jera shayi da dabino, abin ya tsaya mani a rai fiye da kima.

Na fara zuwa wurin wani kafinta, ya nuna mani gajeren tebur na katako mai ƙwari, ya ce zai yi mani irinsa amma sai bayan Sallah, don aiki ya yi masa yawa. Kuɗin ya yi mani nauyi, jiran kuma ya fi kuɗin nauyi. Ina kan kabu-kabu zan koma gida sai na hango wani tebur cikin kayan gwanjo a bakin hanya, ƙafafunsa na ƙarfe suna walƙiya, samansa gilashi. Araharsa ta ba ni mamaki. Zan faɗi gaskiya don Allah yana gani: mai kayan bai cuce ni ba. Ya gaya mani cewa gilashin asali mai kauri ya fashe a mota, wannan gilashin taga ne aka yanka aka ɗora, ya ce kofi da faranti kawai zai iya ɗauka, kada a dafa shi. Na ce na ji. Da na isa gida na ce wa maiɗakina kayan waje ne, ban ƙara komai ba.

Bayan Sallah mahaifiyata ta zo daga Tibiri don a duba mata gwiwa. Inna ba ta zama kan kujera, ta ce haɗiye mutum take yi. A ƙasa take zama, kuma a falo take salla saboda fanka. Idan za ta tashi sai ta dafa abin da ke kusa, domin a gidanta duk abin da hannu ya kai gare shi, bango ne ko turmi ko kututture, yana ɗaukar nauyin mutum. Na sha ganinta ta ɗora tafin hannu a gefen teburin nan ta yunƙura. Amma sai in yi shiru, don in na yi magana dole in bayyana gaban iyalina cewa gilashin taga na kawo na kira shi kayan waje. Kullum sai in ce gobe zan janye shi gefe.

Wata rana ina Jiratawa bayan la'asar maiɗakina ta kira ni tana kuka. Inna ta idar da salla, ta dafa tsakiyar teburin, gilashin ya burma, hannunta na dama ya shige ciki. Maƙwabcinmu ne ya kai ta asibiti. Da na iso gida na tarar da sallayarta jiƙe da jini, ba a ko naɗe ta ba. Likitoci suka tsayar da jinin suka yi ɗinki, amma suka ce jijiyoyin wuyan hannun sun yanke, wataƙila yatsun ba za su dawo daidai ba. Ba su dawo ba. Sun lanƙwashe, ba sa riƙe komai.

Tsohuwar da tun tana yarinya ba ta taɓa sa hagu cikin ƙwarya ba, sai ga shi lomar tuwo tana suɓuce mata. Na zauna na yi mata bayanin cewa addini ya yi wa mai lalura rangwame. Ta ce ta sani, amma ba za ta ci da hagu gaban jikokin da ta sha buge wa hannu kan haka ba. Daga nan sai ta saki labule ta ci ita kaɗai, ta ci kaɗan. Ta rame. Furar da take damawa da kanta ta gagare ta, carbi ma ya koma hagu.

Abin da ya fi ci mani rai ya zo ne wata safiya da ta kira ni ta ce in yafe mata, ta ɓata mani kaya mai tsada, a sayar da tunkiyarta a saya mani wani. A nan na kasa daurewa. Na durƙusa na gaya mata komai. Sai ta tambaye ni ko na san haka lokacin da nake ganin tana dafa shi. Na ce na sani. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta kuma ce a mai da ita Tibiri gobe. Ba ta taɓa yi mani gori ba, tana amsa gaisuwata, tana sa mani albarka, amma ba ta sake kwana gidana ba.

Abin da na koya shi ne arahar ba ita ta yanke hannun Inna ba, shirun da na yi ne don kada a raina ni. Ƴan uwa, in za ku sa wani abu a tsakar falo, kada ku fara tuna baƙon da zai yaba. Ku tuna tsohon da zai dafa da yaron da zai hau, ku tambayi mai kaya gaskiyar abin, in ya faɗa maku ku faɗa wa mutanen gida. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa mahaifiyata cikin addu'a. Har yau bayan labule take cin abinci.