Ranar da Hajiya ta Karɓi Gaisuwar Mutuwarta

Har gobe ban manta da ranar da na je duba saniya na tarar da zaman makoki ba. A damina ne, ina ma'aikacin kiwo a gundumar Gidan Rumji, ƙauyukan wajen Sae Sabuwa suna hannuna.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan ba ku san wahalar da ba. In dabba ta kwanta, sai mai ita ya ɗaura amalanke ko ya roƙi moto, wato babur, ya zo buro, ofishinmu, neman mu, kafin mu isa an riga an yanka. Shi ya sa na buɗe zaure a waya, na zuba manoma da makiyaya a ciki. Yawancinsu ba sa karatu, saƙon murya suke turowa. Ƙa'idar aiki ita ce in saurara, in tambayi alamomi, in tafi in duba, in cutar mai yaɗuwa ce in sanar da darekta, wato shugabanmu na gunduma.

Da hantsi sai ga muryar Hamidu, wani manomi mai saniyar tatsa guda ɗaya, yana haki: "Likita, ka taimaka! Hajiya ta faɗi, cikinta ya kumbura, idonta ya juye, ko nishi ba ta iyawa!"

Ni na san Hajiya. Farar saniya ce mai yanga, ba ta cin dusa sai an jiƙa mata, shi ya sa yaran gidan suka laƙaba mata sunan. Daga baya ne mahaifiyar Hamidu ta sauke farali, gida ya zama da Hajiya biyu. Na tambaye shi abin da ta ci, ya ce ta kuɓuce da asuba ta shiga gonar ɗanyar dawa. Kafin in gama ɗaure jakata, wani dattijon makiyayi a zauren ya riga ya ce masa ya gitta mata sanda a baki, ya ɗura mata man gyaɗa.

Abin da ban sani ba, akwai wani dillalin shanu a cikinmu, Sani, mutumin kirki mai saurin hannu. Saƙon farko kaɗai ya ji. Ya tura shi zauren 'yan garinsu da roƙon a sa tsohuwar Hamidu a addu'a. Daga can aka tura wa 'yan garin mazauna Maraɗi. Kafin maganar ta kewayo, an riga an yi mata rasuwa.

Ina cikin taɓo da moto wayata ta yi ƙara. Darekta ne.

"Isuhu, kana ina?"

"Ranka ya daɗe, ina hanya, za ni duba Hajiya."

"To, ashe gaskiya ne! An turo mini saƙon, da kunnena na ji ana kiran ka. Yaushe ka fara duba mutane? In tsohuwar nan ta cika a hannunka, jandarma za su ɗauke ka, kuma ba ruwana!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, huda cikinta kawai zan yi."

Ya yi salati da ƙarfi, sai layi ya yanke.

Da na iso ƙofar gidan, na ga tabarmi a shimfiɗe, maza jingim, motoci birjik a gindin itacen bedi. Na ratsa ta baya zuwa turke, na tarar da Hamidu shi kaɗai rungume da wuyan saniya, zufa ta jiƙa shi, bai ma san abin da ake yi a ƙofar gidansa ba. Cikinta ya yi tam kamar ganga. Na aske kwiɓin hagu, na soka ƙarfen da muke fitar da iska da shi. Iskar ta fito da wata irin ƙara, da warin da ya tsallake danga ya tashi masu zaman makoki tsaye. Saniya ta yi ajiyar zuciya, can ta yunƙura ta miƙe.

Hamidu ya ruga waje yana ihu: "Alhamdu lillahi, Hajiya ta tashi! Har ta yi kashi!"

Masu zaman makoki suka shiga kallon juna.

Ana cikin haka sai ga Hajiya ta gaske ta dawo daga barkar suna a ƙauyen gaba, da ƙwaryar fura a kanta. Mata suka watse da kururuwa. Ita ko ta tsaya ta ce, "Mi ya faru? Wa ya rasu?" Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Wai ke ce, Hajiya."

Dariyar ba ta yi nisa ba, don a lokacin ne ɗiyarta Zuwaira ta sauko daga motar Maraɗi, ido a kumbure, ba ko takalmi. Tun daga tasha take kuka. Da ta ga uwarta tsaye, ta yanke jiki ta faɗi, sai da aka yayyafa mata ruwa. Sani ya tuɓe hula ya durƙusa yana ba da haƙuri. Hajiya ta zauna kan tabarmar makokinta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce tunda an taru, kowa ya zo ya gaishe ta yadda ya kamata, ta ga waɗanda suka zo, kuma ta lura da waɗanda ba su zo ba.

Washegari na yi wa darekta bayani a buro. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya umarce ni in kafa doka a zauren: kowane saƙo ya fara da faɗin irin dabbar, kuma kada a fitar da maganar zaure waje sai an tambayi mai ita.

Ba don wayar nan ba, da saniyar ba ta kai azahar ba, kuma madarar yaran gidan ke nan. Wayar ce kuma ta sa baiwar Allah ta yi kukan uwarta tana raye. Mutanenmu suna maganar dabbobinsu kamar 'yan gida, masu tura saƙo kuma galibi tausayi ne ke sa su gaggawa. Don haka in kuka ji an ce wance ta kwanta, kafin ku tada moto ko ku tura wa wani, ku fara tambaya: ƙafarta nawa?