Tauraruwa Mai Leƙe da Gawon Kaka Tsahara

Kakata Tsahara, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda da abin da bai yi sallama ba. Shi rediyo, Kaka ta ce tunda yana da baki, dole yana da kunne, don haka sai ta kife masa ƙwarya in za ta yi maganar gona. Ni kaina, jikanta da take kira mijinta, ko ruwa na kawo mata sai ta leƙa moɗar tukuna.

A Tsibiri muke a lokacin. Da sanyi, bayan an gama girbi, muna kammala tuwon magariba sai mu zagaye wuta a tsakar gida. Wutar nan kuwa ta sata ce, ko da yake daga gonarmu itacen ya fito. A zamanin, itace in ya miƙe a gona ya zama na gwamnati, ka sare reshe 'yan gandun daji su ci ka tara. Shi ya sa manoma ke share gona ƙal, su ƙone duk tohon da ya fito a kututture. Kaka ce kaɗai ta ƙi. Sai ta zaɓi toho mai ƙarfi a kan kowane kututturen gawo ta bar shi, ta datse sauran, ta shigo da su gida cikin damin kara. Da su muke jin ɗumi.

Kawu Idi, ɗanta mai noma gonar, ya rantse kafin damina sai ya bi su da gatari. Ya ce maƙwabta na yi masa dariyar ƙazamar gona, kuma ranar da aka ga alamar sara shi za a kama, ba ita ba.

Wani maraice na hango tauraruwa tana tafiya, ba ƙyaftawa, tana ratsa 'yan uwanta kamar mai zuwa kasuwa. Na ce ai Mushe, malaminmu na boko, ya faɗa mana a lakwal, tauraron ɗan Adam ne, da ƙarfe aka ƙera shi aka harba. Kaka ta janye itace biyu daga wuta, ta tura su ƙarƙashin tabarma da sauran hayaƙinsu.

"Wa ya aiko shi?" ta tambaye ni. "Kai mijin banza, an ce maka mutane sun rataye abu bisa gidanka, ba ka tambayi mi yaka nema ba?"

Sannan ta gyara zama ta ce ga ta nan tafe, mu buɗe kunne mu rufe baki.

Wai a da Iska ne sarkin dawa, mai son gudu, ga shi da saurin tuntuɓe. Sai ya yi doka kada wani abu ya tsaya a gona da zai kai masa idon sawu. Ya ɗauki wata tauraruwa marar zaman gida ya sa ta leƙen gonaki. Duk inda ta ga ganye ta kai rahoto, a zo a sare. Da ƙasa ta zama fili, Iska ya riƙa sheƙa gudu yana binne shukar mutane da rairayi, su sake shukawa, ya sake binnewa. Akwai wata tsohuwa da aka sare mata itatuwa, ba ta yi kuka ba. Ta san tauraruwa daga bisa take kallo, ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Saiwoyin nan duk suna raye. Ta yi ta lallaɓa tohonsu, ɗaya nan ɗaya can, har ranar da Iska ya taho a guje ya yi karo da su, ya faɗi ya karye ƙugu. Tun daga nan in ya iso gonarta sai ya bi a hankali yana gaisuwa.

Kaka ta ce ƙurunƙus, mai kunne ya ji, tana kallon Kawu Idi. Shi kuwa ya ce tatsuniya ba ta biyan tara.

Ya cika rantsuwarsa, amma rabi. Ya share gefe guda na gonar, da ya juyo ɗaya gefen ya tarar Kaka ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar tohon tana kaɗi. Ta ce ya fara da ita. Da aka yi shuka, iskar hadari ta taso daga gabas ta binne gefen da ya share, har sai da irinmu ya kusa ƙarewa wajen maimai. Gefen Kaka kuwa gero ya tsira a bayan 'yan gawonta. Kawu bai taɓa cewa ta yi gaskiya ba. Cewa ya yi ƙotar gatarinsa ta karye, kuma haka ta zauna a karye har ya koma ga Allah.

Yau doka ta yi sauƙi, kowa na barin toho a gonarsa, har suna aka ba abin, wai sassaben zamani. Ni ina Maraɗi ina sayar da zogalen Jiratawa, ina gaya wa abokan kasuwa gonar gadonmu ɗan kabu-kabu ba ya ratsa ta sai mai ya ƙare masa. Kwanan baya 'yata Rabi, mai karatu a lise, wato babbar sakandare, ta ce bari ta nuna mini gonar a salula. Ta ja da yatsa, sai ga Tsibiri daga sama, ga gonar, wadda babban yatsana ya rufe ta ruf. Na ce wannan na'ura ba ta san girman manya ba.

Amma da na ɗauke yatsan sai na ƙura wa hoton ido. Hoton na rani ne, ƙasa fari fat, ga gawon Kaka kore shar, kowane da inuwarsa, cunkus a gefen da ta shimfiɗa tabarma. Abin da tsohuwar nan ta yi ta ɓoyewa a damin kara, ga shi an ɗauka daga sama kowa na gani. Ashe tauraron nan leƙen yake yi.

Rabi ta ce da irin hotunan nan masana ke gane ƙasarmu ta sake yin itatuwa, abin alfahari ne. Na ce madalla, to wa ya aiko shi? Ta ce ba ta sani ba.

Na ajiye salular a tabarma, na cire hulata na kife mata.