Yayata da Ciyawar Rabin Durom

Kwanakin baya wani labari ya zagaya layinmu, wai 'yar gwaggona ta fara kiwo. Ba kiwon kaji ko tumaki ba, ita da kanta take fita kiwon. Mai shagon caji ya rantse ya gan ta ido da ido a fadamar bayan gareji, ta durƙusa cikin ruwa tana tauna ciyawa. Kafin labarin ya kai bakin titi an ƙara masa cewa a ofis ma takan zauna tana tuƙa kamar saniya. Kafin ya dawo kuwa har an ce mijinta ya je wurin likitan dabbobi neman shawara. Na likitan dabbobin ni na ƙara, gaskiya ɗaya ce.

To yau zan wanke ta, don ko ba komai ta goya ni ina jariri, kuma ta ce nauyina ne ya hana ta tsawo. Yayata ba ta cin ciyawa. Takan dai ciji kara ta ji ko rami ne da shi, ta tofar, ta murza saiwa ta sansana. Aikinta ke nan. Shekara ashirin da biyu tana aiki a ɗakin ajiyar tsirrai na jami'a, shi ya sa 'yan layinmu ke kiran ta Madam Fadama. Ni ma haka nake kiran ta, sai ranar da nake neman wani abu, ranar ce take komawa Yaya.

Ni mai walda ne, a aji uku na sakandare ni da boko muka raba gari ba tare da faɗa ba. Amma na taɓa shiga ofishin nata, na je gyara musu ƙarfen taga. Dogon ɗaki ne, kabad-kabad na ƙarfe jere hagu da dama, ƙanshin kafur kamar ya ɗauke wa mutum hula. Ka buɗe kowane kabad, matattun ganyaye ne kwance a kan farin kwali, ɗaya bisa ɗaya, an lulluɓe su kamar marasa lafiya. Wasu sun girmi kakarmu. Idan malamai suka dawo daga daji da ganye, ita ke shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ta danne da katako biyu, ta ɗaure da bel. Kullum sai ta sauya jaridun har ya bushe. Sannan ta manna shi da gam, mai kauri kuma ta ɗinke shi da zare da allura. A kusurwar ƙasa akwai 'yar takarda: sunan tsiron, inda aka samo shi, ranar, da sunan wanda ya samo.

Na ce mata, “Madam, ashe makabartar ciyawa kike gadi.”

Ta ce, “Sauke hannunka daga kan kwalin nan, duk baƙin mai ne.”

Ranar ce na gano abin da ke cin ta. Kwali ya fi dubu goma da ta manna da hannunta, ni na ce miliyan ne ta ce in daina ƙarya, amma babu ko ɗaya mai ɗauke da sunanta. Na Farfesa ne, na malamai ne, har da na ɗaliban da ba su san gaban ganye da bayansa ba. Ita abin da take so kafin ta yi ritaya shi ne kwali ɗaya tak, wanda ita ta samo, ita ta busar, ita ta manna, sunanta a kusurwa.

Kuma ta riga ta zaɓi ciyawar. A fadamar bayan gareji, inda ruwan wankin mota ke haɗuwa da na sama, akwai wani tushe guda da ya tsaya shi kaɗai, ƙafarsa cikin ruwa rani da damina. Ta ce ya yi kama da jema, ciyawar nan mai saiwa mai ƙanshi, amma ganyensa ya fi faɗi, kuma ƙanshin saiwarsa bai kwanta mata ba. Ta taɓa ja na har wurin ta yi mini lacca, ina tsaye taɓo na shanye mini silifa. Ta nuna mini yadda ganyen ke fitowa a ninke daga gindi, a baje kamar mafici. Ta ce irin wannan ba ta yaɗo, wuri ɗaya take dunƙulewa tana ƙara 'ya'ya a gefe, saiwarta kuma ƙasa take nufa kai tsaye, ta fi tsayin mutum. Wuta ta cinye ta, ta tsiro. Ruwa ya shanye ta wata guda, ta ɗago. Na shafa ganyen in gani, ya tsaga mini yatsa kamar reza.

Na ce, “To ki cire ki manna mana, me kike jira?”

Ta dube ni irin duban da malamin lissafi ke yi mini. “Ciyawa ba a gane ta da ganye, ƙanena. Sai ta fid da kai. Kwalin ciyawa marar kai, Farfesa ko kallonsa ba ya yi.”

Ashe sau ɗaya take fid da kan a shekara, ƙarshen damina. Shekarar farko, saura kwana kaɗan, shanu suka bi ta wurin suka yi mata aski. Shekara ta biyu wani mai yankan ciyawa ya riga ta da lauje. Ta bi shi har kasuwa tana binciken damminsa, mutumin ya ɗauka kuɗi ne ya faɗi a ciki, shi ma ya durƙusa yana taya ta nema. A shekara ta uku sai ga tifa-tifa sun fara juye ƙasa a fadamar, za a yi shaguna. Ita kuma takardar ritayarta ta fito, ƙarshen shekara.

Yayata ta sa takalmin roba har gwiwa, ta ɗauki shebur, ta yini tana haƙa a gaban tifa, direba na danna mata hon tana ɗaga masa hannu ya jira. Ta ciro tushen da taɓonsa da iya saiwar da ta samu, ta dasa a rabin durom. Gidansu bene ne, babu tsakar gida, kuma mijinta tela ya ce shi da sauro ba za su haɗa baranda ba. Saboda haka durom ya sauka a bayan shagona, tsakanin tulin rodi da tsohuwar ƙofar da mai ita ya manta da ita. Kullum kafin ta wuce ofis sai ta biyo ta zuba ruwa, ta leƙa, ta auna da tef, ta rubuta a ɗan littafi. Ni da nake ɗan'uwanta ko “ka tashi lafiya” sai ta gama da ciyawa nake samu.

Ruwan sama na ɗaukewa, kara uku suka kumbura. Ta ce ciyawar ta yi ciki. Ranar har da rawa ta taka a gaban shagona, mace mai jikoki biyu. Sai kuma aka ce ta raka ɗalibai daji na kwana tara.

Ta ce, “Guga biyu kullum. Kada ka taɓa komai.”

Na ce, “Yaya, ni da nake haɗa ƙofar banki, guga biyu ne zai gagare ni?”

Kwana biyu na farko lafiya lau. A na uku wani kwastoma, mai sayar da furanni a bakin titi, ya zo karɓar tukwanen da na yanka masa. Aikina ne wannan, na yanka durom ya fi ɗari na mayar tukunyar shuka, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san ƙa'ida: ka yanka, ka goge baki, ka huda gindi. Mutumin ya zagaya baya, ya ga ruwa kwance a durom har ya yi kore, tsutsotsin sauro na ninƙaya. Ya riƙe baki.

“Oga, a shagonka? Tukunya ba huji? Saiwa za ta ruɓe ai.”

Kunya ta kama ni. Na ce a raina, wato Madam da duk iliminta abu mai sauƙi ya wuce ta. Na jingina durom, na ɗauko kurfi da guduma, na yi masa huji shida masu kyau, a jere, ko injiniya sai ya sara mini. Ruwa ya tsiyaye har bakin kwata. Na ci gaba da zuba guga biyu kullum ban fasa ba, yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa, ni kuwa ina jin daɗin yadda aikina ke tafiya. Ga rana, ga siminti, ga ƙarfen durom da za a iya soya ƙwai a jikinsa.

A kwana na shida ganye ya naɗe kamar sigari. A na takwas kara ukun nan suka sunkuyar da kai, suka koma launin buhu. Na ƙara guga ya zama huɗu. Na yi mata inuwa da kwali. Har fifita na yi mata, Allah shaida, mai caji ma shaida.

Ta dawo da jakarta a kafaɗa, ko gida ba ta je ba. Ta tsaya gaban durom. Ta dubi ciyawa, ta dubi sawun ruwa a siminti, ta durƙusa ta leƙa gindi. Na so ta yi ihu, ko ta jefe ni da rodi. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta ɓare kara ɗaya da farce, ta ciro ɗan kan da ke ciki, ya bushe tun bai ga rana ba. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannu. Daga inda muke ana hango fadamar, ta zama jar ƙasa shimfiɗe, har an fara jera bulo.

Na ce, “Yaya, ƙa'idar aiki ce, kowace tukunya…”

“A ina na ciro ta?”

“A fadama.”

“Fadama wa ya huda mata gindi?”

Ta tura hannu cikin ƙasar har gwiwar hannu, ta tsinko saiwa, ta murza, ta kai hanci. Ta ciji gindin tushen. Sai na ga kafaɗarta ta ɗan sauka.

“Da ranta. Kunna injinka.”

Ban taɓa yin walda da tsoron Allah irin ta ranar ba. Muka ciro tushen muka tsoma a bahon wankin matata, na toshe huji shida ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a kaina ta rufe ido da gilashina. Ta sa na cika durom da ruwa muka jira awa guda a ga ko zai ɗiga. Sannan ta aske busasshen ganyen duka, ta bar tsawon taƙi ɗaya, ta mayar, ta zuba ruwa har ya kwanta.

Saura mata sati bakwai. Na zama mai gadin ciyawa. Na ƙera mata keji da ragowar rodi, na sa kwaɗo. Mai furanni ya sake zuwa zai ba da shawara, na raka shi titi da guduma a hannu. A sati na biyu koren tsiro ya leƙo. Na uku, na huɗu, ganye kawai. Yayata ta daina zuwa da tef, ta ce lokacin ya riga ya wuce, sai dai wata shekara, ita kuma ba ta da wata shekara a ofis. Amma ba ta fasa biyowa ba.

A sati na biyar, ina goge wata ƙofa, na waiga na ga kara ɗaya daga gefe ya zarce sauran, ya kumbura. Na bar injin a kunne na ruga har jami'a da gilashin walda a goshi, masu gadi suka biyo ni a guje. Kwana shida bayan nan ya buɗe. Ya fi ni tsawo, ja-ja ne mai duhu, rassansa sirara sun fito zagaye-zagaye hawa-hawa kamar ƙarafan lema, kowanne ɗauke da 'yan ƙwayoyi masu ƙaiƙayi. Ni dai na ga ciyawa. Ita kuwa ta share ido da gefen mayafi ta ce hayaƙin walda ne.

Ta yanke shi da ganye da guntun saiwa, ta lanƙwasa sau biyu don ya shiga jarida, ta ɗaure. Ranar da ta manna shi na sa rigata mai kyau na bi ta. Farfesa, wani ɗan tsamurmurin tsoho mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya, ya sa kan ciyawar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya buɗe littattafai uku, ya yi ta gyaɗa kai. Ya ce jema ce, jemar da aka sani, ruwan gareji ne ya sa ta ƙiba. Amma ya ce duk ɗakin babu ko kwali ɗaya daga wannan fadamar, kuma tunda an binne ta, wannan ne kaɗai shaidar cewa ta taɓa yin ciyawa. Ya miƙa mata biro ya ce, “Hajiya, rubuta sunanki.”

Ta rubuta a hankali, harafi ɗaya-ɗaya, kamar mai zare ƙaya. Ta sa lamba, ta buɗe kabad, ta kwantar da kwalin, ta rufe.

Muna fitowa na ce, “Madam Fadama, shekara uku, tifa goma, hawaye rabin durom, ashe duk a kan jemar da ke cike da duniya! Ni dai a yi adalci. Keji nawa, walda tawa, gudu nawa. Ina sunana a takardar?”

Ko tsayawa ba ta yi ba. “Yana ciki.”

“Da gaske, Yaya? A ina?”

“Akwai layin da ake rubuta abin da ya addabi tsiro, fara ko tsutsa ko awaki. Can na sa ka. A ƙarshen layin ma, bayansu, don su yunwa ce ta sa su.”